Zazzaɓin Injin Mota: Darasin Kimiyya Daga Hanyar Kwanar Dangora Zuwa Doguwa

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa ta nufi Saminaka da Jos, ba zai rasa cin karo da wannan abu ba, musamman a watannin Maris da Afrilu: tsohuwar Fijo a gefen titi, an ɗage bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a gindin bishiya, yaron mota kuma ya dawo da jarkar ruwa daga rijiya mafi kusa.

"Oga, in buɗe in zuba mata?" in ji yaron, hannunsa na kan hanyar kai wa murfin lagireto.

"Kul! Janye hannunka. Bar ta ta huce tukuna," in ji direban.

Wannan tsawa ta direba ta fi ƙarfin faɗa kawai, domin a bayanta akwai kimiyya mai yawa. Ɗaukar zafin inji ba ƙaramin al'amari ba ne. Yana iya jawo asarar inji ɗungurungum, ya lalata kayan gwari da aka ɗauko daga gonakin rani na yankin Tiga, ya bar matafiya cikin daji har dare ya same su, ko kuma ya ƙona fuska da hannun wanda ya yi gaggawa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana inda zafin yake fitowa, da yadda mota take rabuwa da shi, da kuma yadda ake bin diddigin matsalar a gano tushenta. Ɗalibin ilimin halittu zai ga cewa darasin ba baƙo ba ne gare shi, domin jikinsa ma yana fama da irin wannan aiki dare da rana.

Motar da ake magana a kanta

A Amurka akwai wasu tsofaffin motoci masu manyan injuna da aka yi yayinsu a shekarun 1960, waɗanda har yau masu sha'awa suke adanawa suna gyarawa. Daga cikinsu akwai Pontiac GTO ta 1964, mai injin silinda takwas da girmansa ya kai lita 6.4. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun masu irin waɗannan motoci shi ne ɗaukar zafi. A ƙasar Hausa kuwa, tsohuwar motar da ta yi suna wajen ƙarfi da juriya ita ce Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Injinta da aka fi sani mai silinda huɗu ne, girmansa kusan lita 2.

Ko da yake girman injunan ya bambanta, tsarin sanyaya su iri ɗaya ne: ruwa, da famfo, da lagireto, da fanka mai bel. Saboda haka abin da za a faɗa game da Fijo ya shafi kusan kowace tsohuwar mota mai amfani da ruwa, har ma da sababbi a mafi yawan ɓangarori.

Daga ina zafin yake fitowa?

Injin mota murhu ne da aka rufe cikin ƙarfe. A kowace silinda ana cakuɗa fetur da iska, fistin ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, sai su kama da wuta. Zafin wannan wuta yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali kuwa alminiyon da aka ƙera kan injin Fijo da shi yana narkewa a wajen digiri 660. Ke nan in ba a kwashe zafin da sauri ba, inji zai cinye kansa da kansa.

Ba dukkan ƙarfin da ke cikin fetur ne yake juya taya ba. A ƙiyasi, kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka ne yake zama motsi. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa tare da hayaƙi, saura kuma ya shiga jikin ƙarfen inji, wanda ruwa ne zai kwashe shi. Ga ɗan lissafi da malamai za su iya yi da ɗalibai a allo. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashi wajen jul miliyan 33. Idan mota ta sha lita 10 a tafiya, ta ƙona jul miliyan 330 ke nan, kuma kimanin miliyan 110 daga ciki sai sun bi ta lagireto. Ana buƙatar wajen jul 293,000 domin a ɗaga zafin litar ruwa ɗaya daga digiri 30 zuwa 100. Idan aka raba, za a ga cewa wannan zafi ya isa ya kai lita 375 na ruwa ga tafasa, wato kusan duro biyu. Amma duk ruwan da ke cikin injin Fijo da lagiretonta bai kai lita 10 ba. Sirrin shi ne ruwan ba ya ajiye zafin, ɗan aike ne kawai: ya ɗauko daga inji, ya miƙa wa iska, ya koma ya ɗauko wani.

Haka abin yake a jikin ɗan'adam. Tsokar manomin da ke huɗa a Doguwa tana mayar da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai na makamashin abinci zuwa aiki, ragowar duk zafi ne. Jini shi ne ɗan aiken da ke kwaso wannan zafi daga cikin jiki ya kai shi fata.

Sassan da ke sanyaya inji

An yi wa gangar jikin inji da kansa hanyoyi a ciki, waɗanda ruwa yake bi yana zagaya silindodi. An zaɓi ruwa ne domin yana shan zafi mai yawa kafin ya ɗumama: giram ɗaya yana buƙatar kimanin jul 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, wato kusan ninki tara na abin da baƙin ƙarfe ke buƙata.

Famfon ruwa shi ne zuciyar tsarin. Bel ne yake juya shi, wanda kanikawa ke kira fambel, yana tura ruwa cikin inji. Ruwan da ya yi zafi yakan fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, inda yake rarrabuwa cikin siraran bututu masu yawa da aka manna wa faifan ƙarfe marasa kauri. Amfanin wannan tsari shi ne a faɗaɗa wurin da ruwa mai zafi da iska za su yi musayar zafi, kamar yadda giwa take tura jini cikin faffaɗan kunnuwanta tana kaɗa su. Irin wannan lagireto mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma ya yi fice ne tun a motar Mercedes ta 1901, wadda injiniyan Jamus Wilhelm Maybach ya tsara. Idan mota tana gudu, iskar hanya ta isa ta ratsa lagireto. Idan tana tsaye ko tana tafiyar hawainiya, fanka ce take janyo iskar. Ruwan da ya huce sai ya koma inji ta tiyon ƙasa.

Saura ƙananan abubuwa guda biyu da aka fi rainawa, alhali su ne suka fi jawo rigima: tamostat da murfin lagireto.

Tamostat ƙofa ce da ke kan hanyar fitar ruwa daga inji. A cikinsa akwai wani irin kakin da yake narkewa ya kumbura idan ya ji zafi, sai ya tura ƙofar ta buɗe. Idan inji yana da sanyi ƙofar tana rufe, ruwa yana zagayawa cikin inji kawai har ya ɗumama. Da zarar zafi ya kai wani mizani, galibi tsakanin digiri 75 da 90 gwargwadon irin motar, sai ta buɗe ruwa ya wuce lagireto. Aikinsa ya yi kama da na wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, wanda yake riƙe zafin jikin mutum a wajen digiri 37: in jiki ya yi zafi ya buɗe jijiyoyin jinin fata ya saki gumi, in ya yi sanyi ya tsuke su.

Shi kuwa murfin lagireto ba marfi ne kawai irin na tulu ba. Yana da sifirin da roba da suke riƙe matsi a cikin tsarin. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a gaɓar teku kawai. Idan aka ƙara masa matsi sai ya ƙi tafasa har sai zafi ya wuce haka, idan kuma matsi ya ragu sai ya tafasa da wuri. Murfi mai lafiya, wanda yake riƙe matsin da ya kai kusan na iskar duniya a kan wanda ake da shi, yana ɗaga mizanin tafasa zuwa wajen digiri 120. Muhimmancin wannan shi ne tururi ba ya kwasar zafi kamar ruwa. Da zarar kumfar tururi ta lulluɓe wani wuri a kan inji, sai wurin ya rasa mai sanyaya shi, zafinsa ya hau cikin ƙanƙanen lokaci.

Me ya sa wannan hanya take tona asirin mota?

Dalili na farko shi ne yanayi. Gudun fitar zafi daga lagireto ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Idan ruwa yana digiri 90, iskar safiyar hunturu kuma tana digiri 20, tazarar 70 ce. A tsakar ranar Afrilu, lokacin da iska take kai digiri 40 a ƙasar Kano, tazarar ta koma 50. Ƙarfin lagireto ya ragu ke nan da kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da komai ya lalace ba. Lagireton da ya ɗan toshe zai iya fid da mai shi kunya a watan Janairu, amma bazara za ta fallasa shi.

Na biyu shi ne hawa da lodi. Birnin Kano yana wajen mita 480 sama da gaɓar teku, Jos kuma wajen mita 1,200, kuma daga ƙasar Doguwa, inda duwatsun Riruwai suke, ƙasa ta fara tudu sosai. Motar da aka danƙara wa buhunan masara ko na shinkafa, ga fasinjoji, tana ƙona mai da yawa a hawa alhali gudunta ya ragu, wato zafi ya ƙaru iska kuma ta ragu. Bugu da ƙari, matsin iska yana raguwa a tudu: ruwan da ba a rufe ba yana tafasa a wajen digiri 98 a Kano, a Jos kuma wajen 96. Motar da murfinta ya mutu, ko aka toshe bakin lagiretonta da tsumma ko leda, ba ta da wata kariya daga wannan.

Na uku shi ne abin da ke toshe lagireto ta waje: ƙurar hunturu, da audugar rimi da iska ke kwasowa, da ƙaiƙayi lokacin kaka, da ƙwari, da laka lokacin damina. Na huɗu kuma abin da ke toshe shi ta ciki. Ruwan rijiya da na rafi suna ɗauke da laka da narkakkun ma'adinai, waɗanda zafi yake sa su kwanta su zama ɓawo, irin wanda ake gani a cikin tsohuwar butar shayi. Ruwa zalla kuma yana sa tsatsa. Ɓawo da tsatsa suna rage faɗin bututu, suna kuma hana zafi ratsawa.

Bin diddigin cuta

Bakanike nagari kamar likita yake, yana fara tambaya kafin ya ɗauki sifana. A garejin Tudun Wada za a iya jin irin wannan zance:

"Maigida, a ina take fara zafin? A hawa, ko in kun tsaya lodi?"

"Wallahi sai mun miƙi hanya. In tana tsaye lafiya lau take."

"To, ba fanka ba ce. Bari mu duba lagireto."

Wannan tambaya ita ce mabuɗi, domin lokacin da zafin yake zuwa yana nuna sashen da ya gaza. Kafin komai dai, idan inji ya huce sarai, ana duba ko akwai isasshen ruwa, da isasshen baƙin mai, da kuma ko fambel yana nan da ƙarfinsa. Bayan haka sai a bi alamomi kamar haka.

Idan mota tana zafi a cunkoso ko a tasha, amma ta huce da zarar ta kama gudu, matsalar ƙarancin iska ce. A duba fanka: ko bel ya saki yana sulɓi, ko fiffike ya karye, ko an cire rufin da ke kewaye da ita wanda yake tilasta iska ta bi ta lagireto. Fijo da yawa suna da fanka mai kamun maganaɗisu, wadda ba ta kamawa sosai sai zafi ya kai wani mizani. In wayarta ko makunninta ya lalace, za a ga fanka tana juyawa a hankali amma ba ta jan iska.

Idan kuwa tana lafiya a tsaye, amma allura ta hau a gudu ko a hawa, to lagireto ne ya kasa fitar da zafi mai yawa, ko ruwa ba ya gudana yadda ya kamata. Bayan an kashe inji ya ɗan huce, a shafa fuskar lagireto a hankali: wuraren da suka yi sanyi a tsakiyar masu ɗumi bututunsu sun toshe. A duba tiyon ƙasa, domin in ya tsufa ya yi laushi, zuƙar famfo takan sa ya lotse ya shaƙe hanya idan an taka totur. Haka nan tsatsa takan cinye fikafikan famfo har ya riƙa juyawa a banza.

Idan allura ta hau cikin 'yan mintoci da tayar da mota, inji ya yi zafi amma tiyon sama da lagireto suna da sanyi, ruwa ba ya fita daga inji ke nan. Galibi tamostat ne ya maƙale a rufe, ko iska ta taru ta tare hanya bayan an sauya ruwa.

Idan ruwa yana raguwa kullum, a nemi inda yake yoyo: bakin tiyo, gindin famfo, ko jikin lagireto, inda akan ga farin tabo ko jan tsatsa. In babu yoyo a waje, amma ruwa yana fita ta ɗan bututun ambaliya tun allura ba ta kai ja ba, a fara zargin murfi, domin shi ne mafi arha a cikin kayan gaba ɗaya.

Alama mafi muni ita ce a ga kumfa tana ta ɓulɓulowa a bakin lagireto idan an tayar da inji mai sanyi, ko farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma launin shayi mai madara. Wannan yana nuna gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone. Dalili kuwa shi ne alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A injin Fijo kai na alminiyon ne, gangar jiki ta baƙin ƙarfe, saboda haka zafi mai tsanani yakan sa kan ya lanƙwashe ya daina danne gasket. Daga nan iskar wuta ta shiga ruwa, ruwa ya shiga mai. Ƙonewar gasket galibi sakamako ne na wani zafin da aka yi sakaci da shi, don haka in an sauya shi ba a gano asalin cutar ba, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Wani lokaci laifin ba na ruwa ba ne sam. Idan saitin wuta ya yi jinkiri, ko kafireto yana ba da mai kaɗan iska da yawa, ko salansa ta toshe, ko birki yana riƙewa, inji zai haifar da zafin da ya fi ƙarfin lagireto mai lafiya. A ƙarshe, ita kanta allurar takan yi ƙarya. Abin da ke aunawa yana tsome ne cikin ruwa, don haka in ruwa ya tsiyaye gaba ɗaya, allura tana iya sauka alhali inji yana gab da bugawa. Warin ƙauri, da raguwar ƙarfi, da ƙarar ƙwanƙwasa a inji, duk shaidu ne da suka fi allura gaskiya a irin wannan hali.

Wasu al'adu da ya kamata a sake dubawa

Kanikawa da yawa sukan cire tamostat su yar, bisa hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Gaskiya ne cewa in ya maƙale a tsakiyar daji, cire shi zai iya kai mota gida. Amma tamostat mai lafiya ba ya sa zafi, domin a bazara a buɗe yake gaba ɗaya, kuma cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma ko ya wanke shi. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, fetur ya riƙa wanke man jikin silinda, sassa su ci juna da wuri. A wasu injuna ma, tamostat ne yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, in babu shi sai wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kauce wa lagireto. Halittu ma ba sa son sanyi fiye da kima, domin sinadaran da ke gudanar da ayyukan jiki suna da iyakar zafin da suka fi aiki a cikinsa, sama da ƙasa.

Haka nan zuba garin kwaki, ko ƙwai, ko garin taba a lagireto don toshe yoyo. Abin da ya toshe huda zai toshe siraran bututu ma. Gyaran gaskiya shi ne a kai wa mai liƙin lagireto.

Game da ruwan kala da ake sayarwa a galan, amfaninsa a ƙasa mai zafi ba hana daskarewa ba ne. Yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, kuma haɗin rabi da rabi na ruwa da sinadarin gilaikol yana ɗaga mizanin tafasa da wajen digiri 7. Sai dai a kula: gilaikol irin wanda aka fi amfani da shi guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada kuma a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai gare shi.

Idan abin ya faru a hanya

A hawa, gara direba ya sauko da giya maimakon ya danne totur a babbar giya, domin hakan yana rage wa inji wahala, yana kuma sa famfo da fanka su ƙara sauri. Idan allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a nemi wuri mai aminci a tsaya. In tururi yana fita, ko bel ya tsinke, a kashe inji nan take. A jira aƙalla rabin sa'a, har sai an iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ya yi laushi. Sannan a ɗora tsumma mai kauri a kan murfi, a kawar da fuska, a murɗa kaɗan matsi ya fita kafin a cire.

Dalilin tsawar direban nan ke nan. Ruwan da ke cikin lagireto yana iya kai digiri 115 bai tafasa ba saboda matsi. Da zarar an cire murfi matsin ya gushe, wani kaso na ruwan ya zama tururi a lokaci guda, kuma tururi yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya haife shi. Shi ne yake watso sauran ruwan sama kamar an harba. In tsautsayi ya auku, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan ƙunar har minti 20, kada a shafa man goge baki ko manja ko ƙwai, sannan a garzaya asibiti. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai tsananin zafi, domin ƙarfen da ya tsuke farat ɗaya yana iya tsagewa, kamar kofin gilashi.

Fasinjoji ma suna bukatar kulawa. Jikin mutum yana fitar da zafi ne ta hanyar da mota ba ta amfani da ita, wato bushewar gumi: kowane giram ɗaya da ya bushe yana tafiya da kimanin jul 2,400, irin hikimar da take sanyaya ruwan randa. Amma gumi yana cin ruwa, kuma idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, mutum ya fara ruɗewa, rai yana cikin haɗari. Raƙumi ne Allah ya hore wa juriyar da mutum ba shi da ita. Binciken Knut Schmidt-Nielsen a shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da ke jin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da yamma, domin ya tsimi ruwa. Jariri da tsoho ba raƙuma ba ne, don haka a fito da su daga mota zuwa inuwa, a ba su ruwa.

Gwaji ga ɗalibai

Malami zai iya aro tsohon tamostat daga gareji, ya rataye shi da zare cikin tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, ya sa ma'aunin zafi, ya ɗora a wuta. Ɗalibai su rubuta digirin da ƙofar ta fara buɗewa, su kwatanta da lambar da aka buga a jikinsa, sannan su lura da yadda take rufewa idan ruwan ya huce. Daga nan a ci gaba da ɗumama ruwan har ya tafasa, a ga ko ya kai digiri 100 a garinsu. Makarantar da ke Bebeji da wadda ke Riruwai za su iya musayar sakamakonsu, su tattauna dalilin bambancin da suka samu.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Duba ruwa da mai da bel kowace safiya kafin a tayar da mota, wanke fuskar lagireto daga baya zuwa gaba, sauya murfi da tiyo idan sun tsufa, amfani da ruwa mai tsabta, da daidaita lodi da ƙarfin mota, duk ba su kai kuɗin sauke inji sau ɗaya ba. Wanda zai ratsa Falgore kuwa, ya kyautu ya tashi da sassafe, da jarkar ruwa da fambel na ajiya a but. Ga ɗalibi kuma, abin riƙewa shi ne dokokin zafi da ake koyarwa a aji su ne suke aiki a lagireto, da randa, da fatar jikinsa. Wanda ya fahimce su zai iya tsayawa gaban mota mai tururi ya yi tambayar da ta dace, maimakon ya kai hannu ga murfi.